Sallar Asuba a Chau Giang

Kakana tsohon sojan Faransa ne daga Damagaram. In ya fara labarin yaƙin Indoshin, suna ɗaya yake ta maimaitawa: Koshinshin. Da Allah ya kai ni Biyetnam, na sayi taswira a Saigon, na bi ta da yatsa kaf, ban ga sunan ba. Ashe Turawa ne ke kiran kudancin ƙasar haka, mutanen wurin Nam Ky suke cewa a lokacin. Faransa ta kama Saigon a 1859, yarjejeniyar 1862 ta ba ta larduna uku, a 1867 ta haɗiye ukun da suka rage. Phan Thanh Gian, dattijon da sarkin Biyetnam ya damƙa wa amanar lardunan, guba ya sha. Annam da Tonkin, wato tsakiya da arewacin ƙasar, an bar musu sarki ko da na jeka-na-yi-ka ne, amma a Koshinshin Bature ne ya riƙe mulki da hannunsa.

Kuskurena shi ne na tafi da zaton ƙabila ɗaya ce a ƙasar. A motar Chau Doc na zauna kusa da wani tsoho, jikansa na yi mana tafinta. Na ce daga Saigon nake, sai ya girgiza kai ya ce, "Prey Nokor." Sunan Saigon ke nan a harshensu. Shi ɗan ƙabilar Khmer ne, kakanninsa na noman shinkafa a bakin kogin Mekong tun kafin sarakunan Nguyen na Biyetnam su kafa mulki a Saigon a 1698. Na ji kunya. Tun daga ranar, sai na tambayi mutum yadda yake kiran kansa da garinsa kafin in buɗe baki.

Daga Chau Doc na haye kogi zuwa Chau Giang, wurin Musulmin Cham, jikokin daular Champa da aka rushe babban birninta a 1471. Ta Kambodiya suka gangaro nan. Gidajensu na katako ne bisa dogayen turaku saboda ambaliya, a ƙarƙashi mata na saƙa.

Da asuba na bi su jam'i. Liman ya karanta bisimilla a bayyane, bayan ruku'u na biyu ya ɗaga hannu ya yi alƙunuti da ƙarfi, irin na Shafi'iyya. Ni da na tashi a Malikiyya na ɗan rikice, sannan na ɗaga nawa. Da aka sallame, wani malami ya kama hannuna ya tambayi ƙasarmu. Na ce Nijar, kuma kakana ya taɓa zuwa nan da bindigar Faransa a kafaɗa. Ya yi shiru, sannan ya ce in zo mu sha shayi.