Ramin da na haƙa sau biyu: yadda na auna sokawen gidana a Rigasa

Ranar da magini ya tambaye ni, "Yallaɓai, ƙafa nawa za a haƙa?" ban san abin da zan ce masa ba. Ginin ya kai rufi, ɗaki biyu da falo da banɗaki biyu, a fili hamsin da ɗari can cikin Rigasa. Na san kuɗin kwano, na san na katako har da na ƙusa, amma sokawe layi ɗaya ne tak a ƙasan takardar kasafina, shi ma ƙiyasi na rubuta. Sai na ce a yi yadda aka saba. Yadda aka saba kuwa shi ne rami ɗaya mai zurfin ƙafa goma sha biyu, a zagaye shi da bulo, a bar gindinsa babu daɓe, a zuba dakin a rufe. Ya ce har jikokina ba za su ga cikarsa ba.

Kwana biyu aka yi ana haƙa a kusurwar baya, inda na ga ba zai tare wa kowa hanya ba. A rana ta uku dattijon da muka haɗa katanga da shi ya yi sallama. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana, zo ka ga wani abu." Ya shigar da ni gidansa, ya nuna mini rijiyarsa. Daga bakinta zuwa ramina taku shida ne, katanga ce kawai a tsakani. Ya ce, "Yanzu rani ne, guga na tafiya da nisa. Ka dawo watan Agusta, ruwan nan da ɗan guntun igiya jikokina ke ɗiba." Na ce, "Baba, a yi haƙuri, wallahi ban leƙa ba." Ranar na sa aka tsayar da aiki. Kuɗin haƙa ya tafi, na kuma biya na cikewa.

Ƙanen maiɗakina ya karanta aikin injiniyan gine-gine a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, kuma da girman kai bai hana ni ba, da tun farko na kira shi. Da ya zo, bai ko kalli ramin ba. Ya ce, "Yaya, mutum nawa za su kwana a gidan nan?" Na ƙirga ni da ita da yara huɗu. Ya ce Inna fa, da takan zo ta yi wata biyu? Ɗan yayana da ke zaune wurinmu fa? Muka tsaya a takwas.

A nan na fara gane cewa abin da duk muke kira sokawe, abu biyu ne masu aiki daban. Na farko tanki ne da ba a son ko ɗigo ya tsiyaye daga jikinsa. Ƙazanta ta shiga ta zauna aƙalla yini da kwana, mai nauyi ta kwanta a ƙasa, maiƙo da kumfa su taso sama, ƙwayoyin halittar da ba sa buƙatar iska su yi ta cinye ta a hankali. Ruwan tsakiya ne kaɗai ke wucewa zuwa na biyu, wato ramin tsotsa, wanda shi kuma so ake ya yi ta yoyo cikin ƙasa. Idan aka haɗa su rami ɗaya, ba a yi komai ba illa masai mai murfin kankare: laka ta toshe ƙofofin ƙasa ta daina sha, ko kuwa ƙazantar ta gangara ɗanya ta sami ruwan da mutane ke sha. Ta nan kwalara da taifot ke shiga gidaje.

Lissafin girman tankin bai kai wahalar da na zata ba. Akwai tsohuwar ƙa'ida ta Ingila da ya ce an koya musu: lita 180 kan kowane mutum, a ƙara lita 2,000 a kai. Mutum takwas ya ba da 1,440, a haɗa ya zama lita 3,440. Ya mayar mini da shi ƙafa, tunda magina da ƙafa suke aiki: tsawo takwas, faɗi huɗu, zurfin ruwa huɗu da rabi, duk awon ciki. In an cire kaurin bangon da ya raba tankin ɗaki biyu, ya ɗan haura lita 3,800. Sai a bar ƙafa ɗaya tsakanin fuskar ruwa da murfi. Ɗakin farko ya ɗauki kashi biyu cikin uku na tsawon, na biyu ya ɗauki sauran.

Na ce masa wannan ai ƙarami ne, na maƙwabta ya ninka shi zurfi. Ya ce zurfin ba shi ne ba, tsawon tafiyar da ruwa zai yi daga mashiga zuwa mafita shi ke ba ƙazanta damar kwanciya, shi ya sa ake son tsawo ya ninka faɗi. Ya ƙara da wani lissafin da ya fi zauna mini. A gidan da ake tsarki da ruwa, kuma ruwan wanka na bi ta tanki, lakar da mutum ɗaya ke tarawa a shekara wajen lita 40 ce. Mu takwas, 320 ke nan. Shekara huɗu 1,280, kusan sulusin tankin, lokacin kiran motar zuƙa ya yi. Maganar jikoki ba za su ga cikarsa ba, daɗin baki ne kawai.

Neman wurin da za a ajiye shi ne ya fi ba mu wuya. Mafi ƙarancin tazarar da ake faɗa tsakanin ramin tsotsa da rijiya mita 15 ce, wato ƙafa hamsin, masu aikin lafiya ma mita 30 suke so. To fili hamsin da ɗari gaba ɗayansa mita 15 ne da 30. Ka ga ke nan a unguwanninmu ba a iya wannan aiki sai an leƙa gidan maƙwabci, hagu da dama da baya. Muka zagaya da igiyar awo, muka tambayi inda kowa ya sa rijiyarsa. A ƙarshe muka dawo gaba, gefen get, inda ya fi nisa da rijiyar Baba da kuma kusurwar da nake fatan haƙa bohol wata rana. Maiɗakina ba ta so ba, ta ce wa ke sa masai a ƙofar gida? Amma nan ne tiyon motar zuƙa zai iso ba tare da an ratsa tsakar gida ba, kuma da ramin farko ya tsaya, da sai an bi da shi ta gaban kicin.

Kafin a sa diga mun gwada ƙasar. An haƙa ɗan rami ƙafa ɗaya kowane gefe a zurfin da ake so, aka cika da ruwa aka bar shi ya kwana, washegari aka sake cikawa muna kallon agogo. Ya sha, ba da gudu ba, amma ya sha. Jar ƙasar Kaduna ba tabbas gare ta ba, wani wuri ta shanye, taku kaɗan gaba ta zama yumɓu mai riƙe ruwa kamar tukunya. Saboda maganar Baba kuma muka rage zurfin ramin tsotsa zuwa ƙafa takwas, muka faɗaɗa shi shida da shida, don ana son gindinsa ya tsaya kamar ƙafa biyar sama da inda ruwan ƙasa ke kaiwa a tsakiyar damina. Wanda ya haƙa a Fabrairu ya ga ƙasa a bushe, ba abin da ya gani tukuna.

Sai kuɗi. A ƙarshen 2023 da na yi ƙiyasina, buhun siminti bai wuce naira dubu shida ba. Muna cikin wannan aiki a Fabrairun 2024 ya haura dubu goma, har gwamnatin tarayya ta zauna da masu kamfanonin siminti aka yi maganar dubu bakwai zuwa takwas. Takardata ta tashi daga aiki a mako ɗaya. Daga nan na daina rubuta naira, na koma rubuta kaya, kowace safiya in tambayi farashi in ninka.

Bulo goma ke rufe murabba'in mita ɗaya, don haka bangon tanki ya ci 150 na inci tara, bangon tsakiya 20 na inci shida, ramin tsotsa wajen 170 tunda ana barin tagogi tsakaninsu. Da na karyewa da na camba, wato ɗan akwatin bulo da bututu ke bi ta cikinsa, na sayi 360. Rodi mai milimita 12 guda goma ya isa murafen biyu. A siminti na sha mamaki. Magini ya ce buhu 25, muka ƙare a 34. Ɗora bulon kansa bakwai ya ci. Sauran duk a wuraren da ido ba ya gani ne: daɓen gindi biyar, cike kogon bulon tanki da kankare takwas, murafe takwas, filastar ciki huɗu, camba biyu. Cike kogon nan ne ba ya cikin lissafinsa, kuma shi ya so mu tsallake. Ya ce, "Oga, ƙasa za ta riƙe shi." Ƙasar ce kuwa ke turo bango in ta jiƙe, musamman ranar da aka zuƙe tanki ya zama fanko. Ban yarda ba. Tun ran gini ran zane.

Akwai kuma 'yan ƙananan abubuwa da suka taru suka yi nauyi: yashi tifa ɗaya, tsakuwa, katakon kafinta, wayar ɗaure rodi, ruwan 'yan garuwa na jiƙa kankare har mako guda, da kwashe ƙasar da ta yi saura. Masu haƙa sun ci karo da marmara a ƙafa biyar, suka ajiye diga suka ce sai an sake ciniki, kuma da gaskiyarsu, na ga yadda take tartsatsi. Azumi ya kama mu a tsakiyar Maris, aikin yini ya koma na hantsi. Duk wanda ya tambaye ni yanzu, cewa nake ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kan abin da ya lissafa, ya kuma yi ciniki da masu haƙa a kan ƙafa, da farashin ƙasa daban na dutse daban.

Ranar aikin bututu na ƙi zuwa ko'ina. Na sayo masu inci huɗu masu kauri a Panteka da kaina, don siraran suna fashewa in an danne su da ƙasa. Gangara ƙafa ɗaya a kowace ƙafa arba'in. Mafita ta sauka inci uku ƙasa da mashiga, kowacce da mahaɗi mai baki uku da ke nutsewa cikin ruwa, don kada kumfar sama ta tsallaka. Mai aikin famfo ya so ya sa gwiwa kawai, wai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Murfin dubawa biyu muka bari, kowane a saman mahaɗinsa, da bututun iska da ya wuce tsayin rufi, bakinsa ɗaure da raga saboda sauro da ƙuda. Kafin a rufe an cika tankin da ruwa ya kwana biyu, alamar da na yi da gawayi ba ta motsa ba. Ruwan indararo ko kusa ban bari ya shiga ba, ruwan sama ɗaya na Agusta ya isa ya cika shi.

Duk da haka na yi kuskure ɗaya da ba wanda zan ɗora wa. An ce in gina ƙaramar camba mai tare maiƙo a bayan kicin, na ga buhu ɗaya ne da 'yan bulo amma aljihu ya riga ya huje, na ce sai gaba. Wata biyar da tarewa, manja da man gyaɗa suka daskare a bututu, ruwan wanke-wanke ya dawo tsakar gida. Sai da aka fasa daɓe aka yi abin da na ƙi yi, a ninkin kuɗi. Yaron da ya zo gyaran ya so ya zura kai cikin tanki ya duba, na janye shi da riga. Iskar ciki tana kashe mutum kafin ya yi ihu, sau da yawa har da wanda ya shiga ceto.

A ƙarshen Agustan da ya biyo baya, bayan ruwan kwana uku, na ɗaga murfin ramin tsotsa na zura gora. Ƙafa biyu ta jiƙe. Na zagaya gidan Baba, na tarar da jikarsa na ɗiban ruwa da igiyar da ba ta fi gaba biyu ba. Ya ce a ɗebo mini a moɗa, na sha.