Kiɗan maƙera a garejinmu na Essen

Na sauka Jamus a Disambar 2018, cikin sanyin da ko hunturun Jos bai taɓa gwada mini irinsa ba. A watan ne aka rufe ramin kwal na ƙarƙashin ƙasa na ƙarshe a ƙasar, wanda ke Bottrop, maƙwabciyar Essen inda na sauka. Na gani a talabijin, ƙarti da baƙin kwal a fuska suna share hawaye, sun miƙa wa shugaban ƙasa dunƙulen kwal na ƙarshe. Ko kalma ɗaya ban ji ba, amma na gane abin da ake yi wa kuka. Kakana leburan kuza ne a Bukuru, kuma a bakin kududdufan da haƙar ta bari muka yi wasan ƙuruciya.

Labarin takardu da layin ofis ba zan ɓata muku lokaci da shi ba, duk wanda ya fita waje yana da nasa. Na yi makarantar koyon harshe, na ci jarrabawa, sannan na sami gurbin koyon kanikanci a wani ƙaramin gareji a Altenessen, arewacin birnin. Shekarata tara ina riƙe da sifana a gida, amma a nan in babu takarda to ba ka iya ba. Haka na koma yaron gareji na shekara uku da rabi, ga furfura ta fara leƙowa a gemuna.

Mu huɗu ne a wurin, amma biyu ne masu labarin. Akwai maigidan, wanda a zuciyata nake kira Tsoho: ya haura hamsin, kansa ya yi sanƙo a tsakiya amma ya ƙi rabuwa da gashin ƙeya. Sai Dogo, wanda bai kai talatin ba. A ranar farko na ɗauka wani inji ne ya lalace a bayan gareji. Ashe kiɗa ne. Ganga kamar ana luguden ƙarfe, jita kamar zarto, mai waƙar kuwa sai ka ce an taka masa wuya. Suka ce sunansa thrash metal. Ni dai kiɗan maƙera na raɗa masa, kuma wata uku ina komawa gida da ciwon kai.

Jamusancin aji daban, na gareji daban. Malamarmu ta koya mana yadda ake neman ganin likita da ladabi. Ba ta koya mana yadda mutum zai ce wa abokin aikinsa kunnenka ya toshe ba. Wannan a bakin Tsoho da Dogo na koya, domin kusan kullum da hutun rana sai sun yi musu a kan ƙungiyar makaɗa ɗaya, Kreator, 'yan unguwar nan ta Altenessen.

A wurin Tsoho, Kreator ta gaskiya ita ce ta 1985 zuwa 1990. Faifansu na 1986, Pleasure to Kill, shi ne ma'auninsa na komai. Ya ce ya gan su tun suna samari a Zeche Carl, tsohuwar mahaƙar da aka mayar wurin wasanni, lokacin ba su gama iya riƙe jita ba, gudu kawai suke kamar motar da birkinta ya tsinke. Wannan rashin iyawar ce yake so. Daga 1992, da suka je Florida suka naɗo Renewal, suka rage gudu suka cusa ƙarar injina, ya ce sun fara sakin hanya. Na 1999 kuwa, Endorama, mai sanyin murya da kiɗa a hankali, ko sunansa ba ya son a ambata. In Dogo na neman tsokana sai ya faɗi sunan, Tsoho ya ajiye burodinsa.

Dogo bai kare wancan faifan ba shi ma. Nasa zancen shi ne ƙungiyar ta dawo hayyacinta a 2001 da Violent Revolution, lokacin da suka ɗauko wani makaɗin jita ɗan Finland, suka haɗa gudun da da daɗin sauti. Hujjarsa da ba ya gajiya da ita: a 2017 faifansu ya hau na ɗaya a jerin cinikin faifai na Jamus, abin da ba su taɓa yi ba a zamanin da Tsoho ke yabo. Tsoho ya ce ai nan ne matsalar, abin da kowa ke saya ba nasu ba ne kuma. Dogo ya ce to so kake su mutu da yunwa don ka ji daɗi?

Ni ina gefe da shayina, baƙo makaho ko yana da ido. Ina tsintar kalmomi ɗaya ɗaya, in je gida in duba. Na daɗe kafin na lura cewa in Tsoho ya ce 1986, ba faifai kaɗai yake nufi ba. A ƙarshen shekarar aka rufe Zollverein, babbar mahaƙar Essen, inda mahaifinsa ya yi aiki. Yanzu wurin ya zama na yawon buɗe ido, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya tun 2001, ana shan gahawa a inda a da ake wanke kwal. Tsoho bai taɓa shiga ba. Yadda yake maganar wurin, haka yake maganar sabbin faifan Kreator: an share, an goge, an yi fenti, masu kuɗi sun zo kallo.

Abin da ya shigar da ni cikin zancen abin dariya ne. Kreator da Turanci suke waƙa. Wata rana suna jayayya a kan ma'anar wani baiti, sai na ce musu ku duka ba haka ba ne. Suka juyo. Ashe Tsoho ya shekara talatin da wani abu yana girgiza kai ga waƙoƙin da rabin kalmominsu bai sani ba. Ya ɗauko takardar cikin faifan ya miƙo mini. "Yaro, karanta mana." Ni da ake yi wa magana a hankali kamar kurma, yau ga ni ina fassara wa Bajamushe waƙar 'yan unguwarsu.

Gaskiya ban ji daɗin duk abin da na karanta ba. Na farkon nan kisa ne da jini da gawarwaki, irin abin da samari ke rubutawa don su firgita iyayensu. Zanen da ke bangon faifan ma, ƙoƙon kai da fuskar aljani, ba abin da zan rataye a ɗakin da nake salla ba ne, na kuma faɗa musu. Amma a na baya na tarar da zancen yaƙi da zalunci da ƙin masu wariyar launin fata. Shugaban ƙungiyar, Mille Petrozza, tsatsonsa na Italiya ne, irin iyalan da aikin ƙarfi ya kawo yankin Ruhr, inda Essen take, kuma bai ɓoye ƙyamarsa ga 'yan wariya ba. Da na nuna wa Tsoho wannan sai ya ɗaga kafaɗa ya ce a ƙarƙashin ƙasa kowa baƙi ne, Baturke da ɗan Poland da Bajamushe. Daga ranar ya daina ce mini yaro, ya koma Kumpel, sunan da masu haƙar kwal ke kiran abokin rami. Shi ne kuma ya kwashe tsofaffin tayoyi daga lungun sito ya ce in riƙa shimfiɗa dardumata a can.

Da suka matsa sai na faɗi nawa ra'ayin, na ce ni Endorama na fi so, domin a nan ne kawai ake jin abin da mutumin ke faɗi ba sai an duba takarda ba. Tun da na zo garejin ban taɓa ganin su biyun sun haɗa baki ba sai ranar. Dogo ya ce a ƙwace mini izinin zama. Na kawo musu karin maganarmu, in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Dogo ya rubuta ta a jikin allon aiki, Tsoho ya goge da tsumman baƙin mai.

Bayan na gama koyo na karɓi takardata, aka yi sabuwar doka: kowa yana da ranar da zai sa abin da yake so. Aka ba ni Alhamis. Na sa musu Mamman Shata. Tsoho yana ƙarƙashin mota yana kwance salansa, sai na ga ƙafarsa tana bin kalangu. Ya fito ya tambayi ko mutum nawa ke bugawa, ko a ɗauka ɗaya aka naɗa. Dogo ya ce to yanzu me matasanku ke ji? Na lalubo masa wata ta zamani a waya, fiyano da muryar da kwamfuta ta gyara. Ya ce kai, wannan ta fi daɗi.

Ban san lokacin da na ce masa wannan ai ba kiɗa ba ne, tun da Shata ya rasu a 1999 aka gama waƙa. Tsoho ya yi dariya har da tari, ya ce a 1999 ɗin dai? Ya shiga ofis ya fito da wani tsohon kaset da rubutunsa ya kusa gogewa, ya sa mini a aljihun rigar aiki. Na ce masa ba ni da rediyon kaset. Ya ce akwai wata tsohuwar Golf a bayan gareji da nata ke aiki, makullin yana rataye a ƙusa ta uku.