Daƙiƙa 10 da Auta ba ta nan

Talata, bayan isha'i.

Tun jiya da daddare mamanta ta tsefe wa Auta kitso, ta wanke kan tas, ba a sa ko ɗigon mai ba. Haka aka ce mu zo da ita. Yau ban fita aiki ba, na bar wa yarona wayarin ɗin gidan da muka fara, muka nufi asibiti tun ƙarfe 7.

Wata 5 ke nan malamarsu tana aiko min cewa yarinyar ba ta mai da hankali. A gida ma haka. Ana cikin magana sai ta tsaya cak, ido a buɗe yana ɗan ƙiftawa, a kira ta shiru, can sai ta ɗora daga inda ta tsaya kamar ba a yi komai ba. Na ɗauka raini ne. Na sha daka mata tsawa, ranar da ta saki kofin shayi har hannu na ɗaga. Inna kuwa ta ce iska ce, aka yi hayaƙi, aka sha rubutu.

Gwajin sunansa EEG, na duba aikin ƙwaƙwalwa ne. Mai yin sa ta auna kan da tef, ta yi alamomi, ta manna ƙananan faifai 21 da wani abu mai danƙo, kowanne da siririyar wayarsa. Auta ta damƙe rigata.

"Abba, zai ja ni?"

Ta san wuta, ta san tabon da ke hannuna. Na ce mata wannan kamar mitata ne, ba ya ba da wuta, aunawa kawai yake yi. Matar ta ce, "Gaskiyar Abbanki, 'yan mata."

Shekara 18 ina aikin wuta, sai yau na san a cikin kaina ma akwai ta. Likita ya ce ƙwayoyin jijiya da ke ƙwaƙwalwa sun kai biliyan 86, kowace kamar ɗan ƙaramin batir ce. Idan tana hutawa, tsakanin cikinta da wajenta akwai bambancin kimanin milibolt 70 (milibolt 1,000 ne bolt ɗaya). Idan saƙo ya zo sai ƙofofi su buɗe, sinadarin sodiyam ya kwararo ciki, potasiyam ya fita, wutar ta bi jijiyar ta isa maƙwabciya. Abin da ke isowa fatar kai kuwa bai taka kara ya karya ba, da maikirobolt ake lissafa shi, wato kashi ɗaya cikin miliyan na bolt. Ni da na saba da bolt 230 na soket, sai na ji kaina ya ɗaure: da wannan 'yar wutar yarinyata ke haddace izu?

A kwamfutar, layuka ne birjik suna ta rawa, kowanne da tasa tafiyar. Da aka ce ta rufe ido, layukan ƙeya suka ɗauki wani salo mai kyau, sama da ƙasa a jere. Sai aka ba ta 'yar fankar takarda, aka ce ta yi ta hurawa na minti 3.

Ba ta kai minti 2 ba fankar ta tsaya. Na ga idon nan da na sani. Na juya ga kwamfuta, wallahi sai da gabana ya faɗi. Duk layukan, daga goshi har ƙeya, sun bar tafiyarsu sun koma abu ɗaya: tsini, tudu, tsini, tudu, sau 3 a kowace daƙiƙa. Matar ta kira sunanta, shiru. Daƙiƙa 10, sai layukan suka watse, Auta ta ci gaba da hura fankarta.

Likita ya ce, "Malam, farfaɗiya ce, amma ba mai kayarwa ba. Lafiyar ƙwaƙwalwa ita ce kowane sashe ya yi aikinsa daban. Idan suka ɗauki murya ɗaya gaba ɗaya, ba a jin komai daga waje." Ya ce tana iya zuwa mata sau da yawa a yini ba wanda ya lura, kuma ita ba ta sanin ta zo. Akasari tana kama yara tsakanin shekara 4 zuwa 10, da yawansu kuma suna rabuwa da ita idan sun tasa. Ya rubuta magani, ya ja min kunne kada in je kemis in karɓo wani da kaina, domin akwai maganin farfaɗiya irin su kabamazafin da ke ƙara tsananta wannan nau'in. Kuma ba a ɗaukarta ta yawu ko ta kwano. Wannan na roƙe shi ya maimaita, na ɗauka a waya saboda Inna.

Da yamma na zauna na duba wanda ya fara wannan gwaji. Wani likitan Jamus ne, Hans Berger, a garin Jena. A 1924 ya fara, bai fitar wa duniya ba sai 1929, kuma ɗansa na cikin waɗanda ya yi ta manna wa wayoyin a ka. Na kuma ga Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ke da farfaɗiya, kuma kashi 70 cikin 100 za su iya daina samun tashinta idan sun sami maganin da ya dace. Ina tunanin yaran ajinsu Auta, da na layinmu da ake cewa sakarkaru.

Inna ta saurari muryar likita sau 2. Ta ce addu'a dai ba za a bari ba. Na ce ba za a bari ba, Inna, amma hayaƙin ya isa, kuma magani safe da dare. Ta gyaɗa kai.

Ɗazu mamanta na wanke mata danƙon, na durƙusa kusa da baho na ce, "Auta, ki yafe min faɗan da nake miki." Ta ce, "Abba, ni dama ban san me nake yi ba kake faɗan."

Takardar gwajin tana aljihun rigata. Gobe kafin in wuce aiki zan biya makarantarsu in nuna wa malama.