Tifar da ta cinye famfo biyu kafin na gano ciwonta

A watan Afrilu abin ya faru, lokacin nan da zafin Kano ke wuce maki 40 da rana tsaka, ƙarfe ma ba ya taɓuwa da hannu. Ni bakanike ne na manyan motoci amma ɓangaren haidirolik na fi riƙewa, tifa, katafila, tarakta, duk dai abin da ke ɗaga kaya da mai. Wani Alhaji da muka daɗe muna harka ya turo direbansa da tifa mai taya goma wadda suke ɗebo yashi da ita daga Challawa. Direban ya ce Oga motar nan da safe lafiyarta lau, lodin farko tana juye shi kamar ba komai, amma da rana ta take sai ta ɗaga bodi rabi ta tsaya tana ta kuka, sai leburori sun hau da shebur sun rage mata kaya sannan ta ƙarasa.

Ina jin haka na ce famfo ne, wato famfon da ke tura mai zuwa silindar da ke ɗaga bodi. Ko leƙa ƙarƙashin motar ban yi sosai ba. Kuma ina da hujjata, domin irin wannan famfon mai haƙora, da muke kira famfon giya, idan ya ci, wato haƙoran da gidansu sun sami rata, da safe mai yana da kauri sai ya toshe ratar ya yi aiki, da ya yi zafi ya tsinke sai ya riƙa zurarewa baya ta cikin famfon maimakon ya tafi silinda. Na ga irin wannan ba adadi. Na shiga Ƙofar Ruwa na samo na hannu mai kyau, muka kwance tsohon daga jikin PTO, wato na'urar da ke ɗauko ƙarfin inji tana juya famfo, muka ɗaura wannan, muka gwada motar babu kaya ta ɗaga tas, direba ya yi godiya ya tafi.

Kwana uku ya dawo da kuka iri ɗaya. Na ce toh na hannu ne, ƙila dama ya gaji. Na kira Alhaji na ce ranka ya daɗe a daure a sayi sabo a huta, bai yi musu ba ya turo kuɗi. Sabo fil a kwalinsa na ɗaura da hannuna. Bai rufa sati biyu ba motar ta dawo, wannan karon ma ƙarar ta fi ta da, kamar an zuba tsakuwa a cikin famfon ana markaɗawa. Alhaji ya kira ni da daddare, bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi malam motar nan ita ke ciyar da gidaje huɗu, direba da yaransa duk a kanta suke, ka duba mana da kyau. Wallahi daren nan ban yi barcin kirki ba.

Washegari wani abokin sana'a ya ce min kawai ka ɗaure bawul ɗin, ka ƙara masa zagaye biyu za ta ɗaga. Bawul ɗin kariya yake nufi, wanda idan matsin mai ya kai iyakar da aka saita masa yake buɗewa ya mai da man tanki. Wannan shawarar ita ce aka fi bayarwa a gareji kuma ita ta fi kashe kaya, don bawul ɗin nan shi ne mai gadin komai, ka matse shi ba tare da geji mai auna matsin mai ba sai tiyo ya fashe ko sil ɗin silinda ya tashi ko shaf ɗin famfo ya karye, wani lokaci kuma da mutum a kusa. Allah ya taimake ni ban taɓa shi ba. Na hau babur na tafi wajen maigidana da ya koya min aiki, tsoho ne yanzu ya daina shiga ƙarƙashin mota, idonsa ma ya rage gani amma kunnensa na nan garau.

Da muka zo na sa aka loda motar, muka bar ta ta yi zafi sosai. Baba ya zauna a kan benci ya ce a sa PTO. Bodi ya fara tashi, silindar tifa zango-zango take fita, zangon farko ya fita lafiya, na biyu ya fita rabi sai kukan ya fara. Ya ce wa direba taka mata wuta. Yana takawa ƙarar ta ƙaru, bodin kuma maimakon ya yi sauri sai ya fara tsalle-tsalle yana tsayawa. Ya ce sassauta. Da injin ya dawo silo sai ga bodi yana tafiya a hankali a hankali. Baba ya juyo ya ce ɗana, famfon da ya ci idan ka ba shi wuta sauƙi yake samu ko tsanani? Na ce sauƙi Baba, don yana turo mai fiye da wanda ke zurarewa. Ya ce to wannan fa? Nan take jikina ya yi sanyi, na gane ba a nan gizo ke saƙa ba. Ya ce yunwa yake ji, je ka duba ta inda yake cin abinci.

Muka sauke bodin ƙasa gaba ɗaya tukunna, na tsaya ta gefen shasi inda nake hango tiyon da ya taso daga tanki zuwa bakin famfo, aka sake sa PTO. Ina kallo da idona tiyon nan ya shafe, ya lotse kamar ƙaramin yaro ya tsotse robar fiya wata. Aka kashe ya dawo ya cika kamar lafiyayye. Ashe a wani gyara da aka yi a hanya can baya an sa tiyon ruwa ne na gama-gari, wanda ba shi da waya a cikinsa. Tiyon tsotso na gaskiya akwai waya murɗaɗɗiya a jikinsa da ke hana shi lotsewa. Wannan da safe robar na da tauri sai ta jure, rana na yi ta yi laushi sai famfo ya tsotse ta ta rufe hanya. Sau biyu ina kwance tiyon nan da hannuna ina mayarwa ban lura ba, saboda na riga na yanke hukunci tun kafin na duba.

Bai ƙare a nan ba. Na hau na buɗe murfin tanki sai na ji ya ja iska fuuu. An naɗe wajen shan iskar da leda an ɗaure da roba tamau. Direban ya ce shi ya yi tun lokacin hunturu saboda ƙura kar ta shiga mai, kuma niyyarsa mai kyau ce, ƙura babbar abokiyar gabar haidirolik ce. Sai dai silindar tifa mai take sha da yawa, duk man da zai cika zangunan nan daga tanki yake fita kuma ba ya dawowa sai an sauke bodi, to idan mai ya fita dole iska ta shiga ta maye gurbinsa, ka toshe mata hanya kamar ka kifa jarka ne ka ƙi buɗe mata ƙaramin murfi, man zai riƙa fita da ƙyar. Shi ya sa zangon farko ke fita lafiya, sai tafiya ta yi nisa abin ke tsananta. Na zaro rariyar da ke cikin tankin ita ma rabinta ya toshe da wani baƙin dauɗa mai yauƙi, man kuwa ba a magana, an sha yi masa ciko da baƙin man inji duk lokacin da ya ragu a hanya.

Na buɗe sabon famfon da na ɗaura don in ga ɓarnar. Cikin gidan da farantin gefen haƙoran duk sun yi ƙananan ramuka kamar an bi su da tsinin allura. Abin da ke faruwa shi ne idan famfo na ja mai bai samu isasshe ba sai kumfa ta riƙa tsirowa a cikin man, kumfar na isa ɓangaren matsi sai ta fashe da ƙarfi a jikin ƙarfe tana gutsurarsa kaɗan-kaɗan, ƙarar tsakuwar nan da muke ji ita ce. Kenan famfon motar na asali ma da na cire ba mamaki yunwar ce ta kashe shi. Na kira Alhaji na faɗa masa gaskiya yadda take, na ce kuɗin aikina na baya ba zan karɓa ba, famfo na uku da za a saya yanzu ma a bar min rabin kuɗinsa a kaina. Ya ce ba komai, tunda an gano ai shikenan.

Mun wanke tankin tas har da goge cikinsa da tsumma marar gashi, muka sa tiyo mai waya kuma mai faɗi daidai bakin famfon, na rage masa tsawo na cire wata lanƙwasa da ba ta da amfani, sabon murfi mai filta a ciki, sabuwar rariya, sannan mai lamba 68. Lambobin nan da ake gani a jikin durom, 32, 46, 68, kaurin man ne a zafin maki 40, kuma a irin zafinmu na arewa ni 68 nake sa wa tifa, 32 ya yi ruwa da yawa. Shi kansa man bai kamata ya riƙa wuce maki 60 yana aiki ba, idan ya haura 80 to sil-sil ya fara cinyewa, robar ta bushe ta tsage.

A satin ne na sayi geji, abin da ya kamata in mallaka shekaru da suka wuce. Yanzu duk motar da ta shigo kafin in ɗauki sifana sai na yi abu uku huɗu. In zaro man in kalle shi a hasken rana, idan ya yi fari kamar an zuba madara ruwa ya shiga, idan kumfa ce a sama iska yake sha ta wani kilif da ya saki, idan yana warin ƙuna ya sha zafi. In saurari kukan famfo a silo da kuma da wuta. In bi layin da bayan hannu a hankali ina jin inda ya fi zafi, don duk inda mai ke zurarewa ta ciki wajen yakan ɗau zafi fiye da maƙwabtansa. Sai in ɗaura geji. Da geji na fahimci wata magana da Baba ya sha faɗa muna yara ba mu gane ba, wai famfo mai kawai yake turawa, nauyin kaya ne ke haifar da matsi. Idan allura ta kai lambar bawul kuma bodi bai tashi ba to kaya sun yi yawa ko wani abu ya riƙe, idan ta kasa kaiwa to man yana gudu ta wani waje ko bai isa famfon ba, idan tana rawa tana karkarwa akwai iska.

Abu ɗaya da ba na wasa da shi ko kaɗan shi ne bodin da ke sama. Yarana sun sani, wanda ya sa kansa tsakanin bodi da shasi ba tare da an kafa ƙarfen tokare ba ranar zai bar min shago. Mai ne kaɗai ke riƙe da tan-tan na ƙarfe, tiyo ɗaya ya fashe ko wani ya taɓa liba shikenan, ba a ko samun damar ihu. Haka neman yoyo da tafin hannu, hudar da ba ta kai bakin allura ba tana feso man da zai huda fata ya shige cikin nama, a waje ka ga ɗan tabo kamar cizon sauro amma ciki yana ruɓewa, sai an yi tiyata da gaggawa in ba haka ba a rasa yatsa ko hannun. Kwali ake karawa a ga inda ya jiƙe.

Bayan wannan ne na samu ƙarfin halin haɗa injin matsa bushi na kaina a shago, kuma a nan na zauna na yi lissafi da biro maimakon kintace. Ƙa'idar tsohuwa ce, wani Bafaranshe Blaise Pascal ya bayyana ta tun ƙarni na 17, cewa matsin da ka sa wa ruwan da ke rufe yana isa ko'ina daidai wa daida, sannan Joseph Bramah a Ingila ya yi rajistar injin matsa na haidirolik a 1795 a kanta. Silindar da na samu faɗin fistin ɗinta santimita 10 ne, fuskarsa kenan ta kai murabba'in santimita 78 da rabi, kuma "bar" ɗaya, wato ma'aunin matsin da geji ke nunawa, kusan kilo ɗaya ne a kan kowane murabba'in santimita, to a "bar" 200 ina da ƙarfin da ya kusa tan 16. Da na ga lambar nan sai na canza ƙarfen da na yi niyyar yin firam da shi na nemo mai kauri, don wancan da lanƙwashewa zai yi. Tankin na ɗora shi sama da famfo yadda mai zai gangaro da kansa, tiyon tsotso gajere mai faɗi, bututun dawowa na nutsa shi cikin mai nesa da bakin tsotso don kar ya riƙa kaɗa kumfa, bawul ɗin kuma na saita shi da geji a gabana na ɗaure notinsa na shafa masa jan fenti yadda in wani ya taɓa zan gani.

Tifar Alhaji tana nan tana ɗibar yashi da famfo na ukun, ta wuce damina biyu. Direban kan biyo ta shago lokaci-lokaci mu duba man tare, kuma in hunturu ya shigo shi da kansa yake zuwa ya ce Oga a canza min filtar murfin tanki.