Sarandib ta littattafai tana nan, na taka ƙasarta

Duk wanda ya taɓa zama gaban malami ana karanta ƙissoshin annabawa, da wuya a ce bai ji sunan Sarandib ba, tsibirin da wasu ruwayoyi suka ce a can Annabi Adamu, Alaihissalam, ya fara sauka duniya. Da yawa daga cikinmu sun bar sunan a cikin littafi. To wurin yana nan, shi ne ƙasar Siri Lanka ta yau, can kudu da Indiya, ruwa ya kewaye ta ko ta ina. Zamanin mulkin Ingila Silon ake ce mata. Ta samu 'yancin kai a 1948, ta ɗauki sunanta na yanzu a 1972. Faɗinta murabba'in kilomita 65,610 ne, mutanenta kuwa wajen miliyan 22.

Masu tallar yawon buɗe ido ba abin da suke nuna maka sai rairayin bakin teku da itatuwan kwakwa. Akwai su, kuma suna da kyau. Amma ni ma'aikacin noman rani ne, rayuwata duk a bakin madatsa da magudanar ruwa na yi ta, kuma shawarar da zan ba duk mai niyyar zuwa ita ce ya ba teku baya tukuna, ya nausa cikin ƙasar. A can dukiyarta take.

Ta Doha muka bi, ni da uwargida, muka sauka a filin jirgin Bandaranaike da ke arewa da Kolombo. Ba zan tsaya dogon bayani kan Kolombo ba, gari ne mai zafi da gumi da cunkoson adaidaita sahu, kuma ta hannun hagu suke tuƙi. Abu ɗaya ne zan ce kada ya wuce ka: Jan Masallaci, wato Jami'ul Alfar, a tsakiyar kasuwar Petta. A 1909 aka gama gina shi, an yi masa zanen ja da fari tun daga tushe har kan hasumiya. Kana cikin lungun masu yadi da masu kayan yaji sai kawai ka ɗaga kai ka gan shi tsaye a kanka. Musulmi kusan ɗaya ne cikin goma na mutanen ƙasar, mafi rinjaye mabiya addinin Budda ne, sai 'yan Hindu da Kiristoci. Saboda haka abincin halal ba ya wuyar samu a garuruwa. A bayan masallacin na fara cin kottu. Mai yin sa yakan zuba gurasar roti a kan faffaɗan ƙarfe mai zafi, ya haɗa da ƙwai da albasa da kabeji da naman kaza, sannan ya ɗauki wasu faifan ƙarfe biyu, ɗaya a kowane hannu, ya yi ta sara yana juyawa. Tun daga bakin titi kake jiyo ƙarar, kakaf-kakaf, kowane mai shago da irin kiɗansa. Yajin ba na wasa ba ne, sai ka bi shi da ruwan wata kwakwa mai launin ruwan goro da suke kira tambili.

Daga nan muka yi arewa, yankin da su da kansu suke kira busasshiyar ƙasa, inda ruwan sama yake zuba da yawa cikin 'yan watanni, sannan a shiga dogon rani. Nan ne zuciyata ta tsaya. Kusan duk ƙauyen da ka ratsa akwai tafkinsa, wewa suke ce masa, kuma ba Allah-dasa ba ne, hannu ne ya tare shi. An jera su bisa gangaren ƙasa, na sama ya cika ya tumbatsa wa na ƙasa, ruwan da ya fita daga gonar shinkafar wannan ƙauye ya gangara tafkin na gaba. Ruwa ɗaya sai ya yi aiki sau da dama kafin ya kai teku. Irin waɗannan ƙananan tafkuna dubbai ne. Sama da su kuma akwai manya da sarakuna suka gina. Sarki Mahasen ya yi na Minneriya a ƙarni na 3. Sarki Datusena ya yi Kala Wewa a ƙarni na 5, ya kuma haƙa magudana mai tsawon kilomita 87 daga can zuwa birnin Anuradapura. A sashen farko na magudanar nan, gangarenta bai wuce kimanin santimita 10 a kowace kilomita ba. Wanda bai taɓa auna ƙasa ba zai wuce wannan adadi bai ji komai ba. Ni da nake riƙe na'urar awo na san abin da ake nufi: in ka ƙara kaɗan ruwa ya ci gefen magudana, in ka rage kaɗan ya kwanta ya ƙi tafiya. Su kuwa sun daidaita shi shekaru 1,500 da suka wuce.

Sun kuma ƙirƙiro wata dabara da suke kira bisokotuwa. Wani ɗaki ne na sassaƙaƙƙen dutse da ake ginawa a jikin madatsa ta ciki, ruwan tafki ya fara shiga nan ya karye ƙarfinsa kafin a sake shi ta ƙarƙashin ganuwa. Ba don shi ba, matsin ruwan da tuni ya fasa madatsar ƙasa. Na tsaya a kan ganuwar Parakrama Samudra a Polonnaruwa, wadda tsawonta ya haura kilomita 10, aikin Sarki Parakramabahu na ɗaya da ya yi mulki daga 1153 zuwa 1186. Shi ne ake danganta wa maganar nan cewa kada a bar ko ɗigon ruwan sama ya shiga teku bai amfani ɗan Adam ba. Ba wai tafkunan sun zauna lafiya tun daga lokacin ba ne. Da daular Polonnaruwa ta faɗi a ƙarni na 13 mutane suka watse, daji da zazzaɓin cizon sauro suka cinye yankin, sai a ƙarni na 19 da na 20 aka gyara su. Amma a kan tsohon tushen aka gyara, kuma yau manoma suna noman shinkafa da su. Ina tsaye a wurin ina tuna madatsar Tiga da filayen Kadawa, da yadda a wajenmu babbar madatsa ɗaya ce ke ɗauke da nauyin kowa, alhali ƙananan tafkunan ƙauye da za su tare ruwan Agusta mun bar su suna cikewa da yashi. Abin ya dame ni ƙwarai, har yau kuma yana damuna.

Labarin Datusena ne zai kai ka Sigiriya. Ɗansa Kashiyapa ya ƙwace sarauta, ya matsa wa uban ya nuna masa inda ya ɓoye dukiya. Littattafan tarihinsu sun ce tsohon ya sa aka kai shi Kala Wewa, ya nuna ruwan ya ce iyakar dukiyarsa ke nan. Ɗan ya fusata ya sa aka kashe shi. Tsoron ɗan uwansa Moggallana, wanda shi ne magajin gaskiya, ya sa Kashiyapa ya gina fadarsa a Sigiriya, a kan wani dutse guda mai tsayin kusan mita 200, ya zauna daga 477 zuwa 495. Matakala wajen 1,200 ake hawa. A tsakiyar hanya akwai manyan dagin zaki biyu na tubali, ragowar ƙofar fadar, kuma akwai alluna da ke gargaɗi a rage hayaniya saboda zirnako. Ka je da sassafe kafin rana ta buɗe. Jama'a suna rububin zanen matan da ke jikin dutsen, ni kuwa lambunan ƙasa ne suka riƙe ni, domin an binne hanyoyin ruwa a ƙarƙashinsu, kuma in damina ta yi ƙarfi har yanzu wasu maɓuɓɓugan suna tsartuwa.

Kandi ita ce masarauta ta ƙarshe da ta faɗa hannun Ingila, a 1815, kuma a nan ne haikalin da mabiya Budda suke ajiye abin da suka yi imani haƙorinsa ne. Mai son shiga irin waɗannan wurare sai ya cire takalmi da hula, ya rufe kafaɗa da gwiwa, kada kuma ya juya wa gunki baya don ɗaukar hoto, suna jin zafin hakan. Ranar da wata ya cika kuwa hutu ne a duk ƙasar, Poya suke ce mata, mahauta ma ba sa buɗewa.

Daga Kandi jirgin ƙasa yake fara hawan tudu, iska ta sauya, sai gonakin shayi shar ko ta ina. Da can kofi ake nomawa a tsaunukan nan, wata cuta ta faɗa masa daga 1869 ta gama da shi. Wani mutumin Sikotilan, James Taylor, ya riga ya fara gwada shayi a 1867, sai kowa ya koma can. A 1890 Thomas Lipton ya zo ya sayi gonaki, har yau masana'antarsa ta Dambatenne kusa da Haputale tana aiki. Sunan nan da ke rataye a teburin kowane mai shayi daga Kano har Damagaram, a kan waɗannan tuddai ya yi ƙarfi. Mun shiga masana'antar muka ga yadda ake shanya ganyen ya yi laushi, a murza shi, a bar shi ya rine, a busar, a tankaɗe. Masu tsinkar ganyen yawancinsu matan Tamil ne, jikokin leburorin da Ingila ta kwaso daga kudancin Indiya. Na tsaya kusa da wata ina kallon hannunta: toho ɗaya da ganye biyu na sama kawai take ɗauka, hannu bibbiyu, ta cilla a buhun da ta rataya da igiya a goshi, yatsunta sun yi baƙi sun tsattsage. Gidajensu dogayen ɗakuna ne a jere tun na zamanin Turawa. Wanda ya je ya ɗauki hoton koren tudu bai dubi waɗannan gidaje ba, bai ga gonar shayi ba.

Sai dutsen da ya kawo mu, dutsen Annabi Adamu. Tsayinsa mita 2,243, kuma a ƙwanƙolinsa akwai wani gurbi a jikin dutse mai kama da sawun ƙafa. Mabiya Budda sun ce sawun Budda ne, 'yan Hindu sun ce na Shiba ne, Musulmi da wasu Kiristoci suka ce na Annabi Adamu ne. Ni dai ban je da niyyar ibada ba, domin maganar ta masu tarihi ce, Allah ne masanin gaskiyarta. Na je ne in ga inda Ibn Battuta ya hau a 1344. Ya ba da labarin hanyoyi biyu, ta Baba da ta Mama, wato Adamu da Hauwa'u, da sarƙoƙin ƙarfe da aka kafa don masu hawa su riƙe. Ta ƙarshe ya ce sarƙar Shahada ake kiranta, saboda wanda ya kai nan ya leƙa ƙasa, tsoro kan sa shi yin kalmar shahada.

Daga ƙauyen Nallatanniya ake tashi da tsakar dare, a hau matakala sama da 5,000. An jera fitilu tun daga gindi har sama, ga rumfunan masu shayi a hanya. Gwiwa tana shan wuya, sanyi kuma yana ƙaruwa da kowane hawa, don haka a tafi da rigar sanyi mai kauri. A wani wuri za ka ga farin zare ya lulluɓe gefen hanya, masu hawan farko ne suke warware shi suna tafe. Can sama uwargida ta taɓo ni ta ce, "Maigida, dubi baiwar Allah nan." Wata tsohuwa ce tukuf cikin fararen kaya, ba takalmi, samari biyu sun riƙe ta hagu da dama, suna hawa suna rera waƙar addininsu, in ta tsaya su tsaya. Ba wanda ya ture su, duk da cunkoson. Mun samu gefe ƙasa da ƙwanƙolin muka yi sallar asuba, sannan muka ƙarasa. A sama akwai ƙararrawa, kowa yana bugawa gwargwadon yawan hawan da ya taɓa yi. Sawun kansa yana cikin ɗan ɗakin bautar mabiya Budda, a lulluɓe. Da rana ta ɓullo, inuwar dutsen ta faɗa yamma a kan hazo, mai kusurwa uku cif kamar an zana. Daga dazuzzukan wannan dutse kogunan Kelani da Kalu da Walawe suke tasowa, kuma Kelani ne yake shayar da Kolombo.

Bakin teku mun bar shi ƙarshe, a Galle. Turawan Fotugal ne suka fara ganuwar garin a 1588, na Holan suka ƙwace a 1640 suka faɗaɗa ta. A ciki akwai farin masallacin Miran na 1904, dab da hasumiyar jiragen ruwa, da iyalan Musulmi masu cinikin duwatsu masu daraja. Ranar 26 ga Disamba 2004, igiyar tsunami ta hallaka sama da mutum 30,000 a ƙasar, ta yi wa sabon garin Galle kaca-kaca, amma cikin ganuwa ɓarnar ba ta yi yawa ba.

Mai shirin tafiya ya lura da lokaci, domin damina biyu gare su. Daga Mayu zuwa Satumba ruwa yana dukan kudu da yamma, daga wajen Disamba zuwa Fabrairu kuma ya koma arewa da gabas. Lokacin hawan dutsen Annabi Adamu daga Disamba ne zuwa Mayu, bayan haka fitilu a kashe suke, rumfuna a rufe. Taron giwayen Minneriya kuwa, inda ɗaruruwa suke fitowa cin ɗanyar ciyawar da ke tsirowa in ruwan tafkin Mahasen ya ja baya, sai wajen Agusta da Satumba. Tafiya ɗaya ba za ta haɗa maka biyun ba. Mu dutsen muka zaɓa, giwaye kuma muka je muka gan su a gandun dajin Udawalawe.