Hoto Ɗaya, Kusurwa 225: Yadda Nake Matse Shi

Ɗanyen fayil na kyamarar Lytro Illum, wadda ta fito a 2014, ba ya kama da hoton da muka saba gani. In ka ƙara girmansa a kwamfuta, dubban ƙananan da'irori za ka tarar a jere kamar saƙar zuma. Dalili shi ne an shimfiɗa ƙananan gilasai a gaban faifan da ke karɓar haske, kowane gilashi yana rarraba hasken gwargwadon inda ya fito. Kyamarar yau da kullum yawan haske da launinsa kawai take riƙewa. Wannan kuwa har da alkiblarsa, shi ya sa bayan an ɗauki hoton za ka iya zaɓar abin da zai fito tangaram, na kusa ko na nesa. Tunanin tsoho ne, tun 1908 Gabriel Lippmann na Faransa ya kawo shi, sai a 1996 Marc Levoy da Pat Hanrahan na jami'ar Stanford suka nuna yadda kwamfuta za ta yi aiki da shi.

Matsalar ita ce nauyi. Kuma in ka miƙa wa JPEG, hanyar matse hoto da aka saba da ita, wannan fayil yadda yake, ka cuce shi. An gina JPEG ne a kan cewa ɗigon da ke maƙwabtaka da wani yakan yi kama da shi, a nan kuwa kowace da'ira tana da bakinta mai duhu, sai ya ɓata ƙoƙarinsa wajen adana bakunan da'irori.

Hanyar da nake bi, kuma nake ganin ita ce daidai, ita ce a warware hoton tukuna. A ɗauki ɗigon tsakiya daga kowace da'ira a haɗa, ga hoto guda. A matsa gefe da ɗigo ɗaya a sake haɗawa, ga wani, na wuri ɗaya amma daga kusurwar da ta ɗan goce. Daga Illum akan fitar da 15 sau 15, wato hotuna 225, kowanne mai ɗigo 625 a faɗi da 434 a tsayi. Na can ƙurya sukan fito da duhu, shi ya sa da yawa ke tsayawa a 13 sau 13 na ciki.

Ina son wannan matakin ƙwarai. In ka jera hotunan kana wucewa da sauri, sai ka ga abubuwa suna ɗan motsi, kowanne gwargwadon nisansa. Bidiyo ke nan! Sai a jera su, ko a faro daga tsakiya ana kewayawa, ko layi-layi ana kai da komo, a ba HEVC, ma'aunin matse bidiyo na 2013. Shi dama gwani ne wajen adana bambancin da ke tsakanin hoto da na bayansa kaɗai.

Ana iya wuce nan ma. A zaɓi 'yan hotuna, misali na tsakiya da na gefuna, a haɗa su da taswirar nisan kowane abu, a bar mai buɗe fayil ya ƙera sauran da kansa. Ɗaya daga hanyoyin da JPEG Pleno, ma'aunin matse irin waɗannan hotuna, ya tanada a kan haka take tafiya.

Amma a nan ne nake taka-tsantsan. Ɗaga yatsa a gaban fuskarka, ka rufe ido ɗaya, sannan ɗayan: akwai abin da ido ɗaya ya gani wanda yatsa ya kāre wa ɗayan. Abin da hotunan da aka adana ba su gani ba, ba lissafin da zai dawo da shi, sai dai a yi ƙiyasi ko a aika da gyara. Gilashi, ruwa da ƙarfe mai ƙyalli sun fi wahala, domin ƙyallin yana canza wuri da canjin kusurwa, ba ya bin taswirar nisa.

Saboda haka ba na gamsuwa da alƙaluman da ke auna kowane hoto shi kaɗai. Mai amfani da fayil ɗin ba hotuna 225 zai zauna yana kallo ba, saitin abin da zai fito tangaram zai riƙa juyawa. Ni sai na mayar da saitin kan abu na kusa, na duba gefen gashi ko sirarin waya ko sun yi inuwa biyu, sannan na kai shi nesa. In na ga inuwar, ina ƙara yawan hotunan da zan adana, ko da fayil ɗin zai ƙara nauyi.