Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ranar da na raka Inna Legas

Assalamu alaikum masu bibiyar wannan labari. A makon jiya na tsaya ne a daren da mijin Auta ya bugo waya daga Legas, ya ce an yi mata aiki an ciro ɗa namiji. Haihuwar fari ce, kuma a gidanmu mai haihuwar fari gida take dawowa, a hannun Inna take wankan jego. To, likita ya hana Auta doguwar tafiya tun cikin yana wata bakwai. Tunda ita ba za ta zo ba, sai ya zama Inna ce za ta je.

Da farko maganar mota aka yi. Amma daga Kano zuwa Legas tafiya ce ta wajen kilomita 1,000, kuma manyan motocin da ke tashi daga Sabon Gari kwana suke a hanya. Inna tana fama da gwiwa, ga ciwon suga. Mijin Auta ya ce shi zai biya mana jirgi, ni da ita. Da na gaya mata awa ɗaya da rabi ce kacal a sama, sai ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah! Kenan a can zan yi walaha."

Kayan da ta haɗa ba kaɗan ba ne. Garin kunun kanwa, yajin jego da aka daka a gabanta da citta da kanumfari da masoro da kimba, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, man shanu, kilishi, turaren wuta, da kwalbar humra da ta ce ba za ta bar jikinta ba sai a hannun Auta. Na ce, "Inna, a Agege fa suke zaune, Hausawa ne fal, duk wannan ana sayarwa." Ta ce, "Har da wanda na tsaya a kansa aka daka?" Na ja bakina na yi shiru.

Tsakiyar hunturu ne. Muna idar da sallar asuba Baban yara ya ɗauke mu zuwa filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. Fitilun motoci dishi-dishi ake ganinsu saboda hazo, amma ban kawo komai a raina ba.

Matsalar farko a wurin awon kaya ta same mu. Yarinyar kamfanin jirgin ta karɓi katin zaɓen Inna, ta duba kwamfuta, ta sake duba katin, ta ce sunan bai zo ɗaya ba. Ashe mijin Auta, saboda kunyar surukuta, bai taɓa tambayar sunan yankan Inna ba. Laƙabin da unguwa ke kiranta da shi ya rubuta, ya haɗa da sunan Baba. Katin kuwa sunan yankanta ne da na mahaifinta. Yarinyar ta ɗaga murya cikin layi ta ce, "Mama, faɗi sunanki." Tun rasuwar iyayenta ban ji wani ya kira Inna da wannan suna ba. Ta sunkuyar da kai ta faɗa a hankali, aka ce ba a ji ba, ta sake faɗa. Raina ya sosu ƙwarai. Muka koma gefe muna jiran babbansu, na buga wa mijin Auta, shi ma ya bi ta can, da ƙyar aka gyara.

Sai awo. Tikitinmu kilo 20 ya ba kowa, mu kuwa mun zarce nesa ba kusa ba. Ko mu biya kuɗin ƙari, ko mu rage. A nan ƙasa, a gaban jama'a, na kwance bakko ina fito da ƙulle-ƙulle, ƙamshin daddawa ya cika wurin, masu sauri suna tsallake mu. Allah ya taimaka Baban yara bai tafi ba. Kuka da kuɓewa suka koma gida, sauran muka biya.

Humra kuma a ƙofar bincike ta tsaya. Ma'aikacin ya yi mana bayani cikin ladabi cewa ba a shiga da abu mai ruwa a hannu idan ya haura mililita 100, da ma a babbar jaka muka sa. Babbar jaka kuwa ta riga ta wuce. Doka ce, ba shi da laifi. Na koma da gudu na miƙa wa Baban yara kwalbar. Da na dawo na tarar da Inna tana gyara mayafinta, ba ta ce komai ba, ba ta kuma sake tayar da zancen ba duk ranar.

Ƙarfe tara aka rubuta mana. Tara ta yi ta wuce, goma ta yi. Ta gilashin zauren jira ba a iya hango ƙarshen titin jirgi, komai ya yi fari fat. Can sai aka yi sanarwa da Turanci, muryar tana shaƙewa a lasifika. Inna ta taɓa ni: "Me suka ce?" Na ce sun ba da haƙuri, wai an samu jinkiri saboda dalilan aiki. Ta ce, "Wane aiki?" Wallahi ba ni da amsa. Yawancin mutanen da ke zauren Hausawa ne, tsofaffi da 'yan kasuwa da mata masu goyo, amma kamfanin bai ga ya dace ya turo mutum ɗaya ya yi mana magana da harshenmu ba.

Wani dattijo mai farar babbar riga da ke zaune kusa da mu shi ya fahimtar da mu. Ya ce, "Hajiya, jirgin da zai ɗauke mu ba a nan ya kwana ba. Daga Legas zai taso, kuma matuƙi ba ya sauka sai yana iya hango titi daga wani nisa da doka ta ƙayyade. Wannan ƙurar tun daga arewacin Chadi iska ke kwaso ta, daga wani kwari da ake kira Bodele. Sai rana ta ɗaga take ɗan lafawa." Ya ce tun yana saurayi yake bin jirgi. Ya ba mu labarin cewa a Kano jirgin sama ya fara sauka a Najeriya, a 1925, kuma wannan filin tun 1936 yake aiki, shi ne mafi daɗewa a ƙasar. A da jiragen Turai a nan suke yada zango bayan sun ƙetare Sahara, har akwai mai kakaki a kan raƙumi da ke busa idan jirgi zai sauka, kowa ya san ya iso. Inna ta saki jiki tana sauraro. Wannan ɗan bayani da bawan Allah ya yi mana kyauta, shi muke nema tun safe daga waɗanda muka biya.

Hantsi ya wuce, yunwa ta fara. Inna tana shan maganin suga, ba ta daɗewa ba ta sa wani abu a ciki ba. Kilishinmu yana cikin bakko, bakko yana hannun kamfani. Na je sayen ruwa na ji kuɗin roba ɗaya ya ninka na waje. Wani matashi ya miƙe ya je ya sami ma'aikatan, ya ce dokar NCAA, hukumar da ke kula da sufurin jiragen sama, ta ce idan jinkiri ya kai awa biyu a ba fasinja abin taɓawa, idan ya haura awa uku yana da damar karɓar kuɗinsa. Sai bayan ya yi wannan magana aka fito da biskit da lemon kwali. Duka biyun zaƙi ne, Inna ba ta isa ta taɓa ba. Wata baiwar Allah mai yara uku ta lura, ta buɗe ledarta ta miƙo dafaffen ƙwai biyu da gurasa, ta ce, "Inna, bismillah, ki yi haƙuri ba yawa." Har yau ina sa matar nan a addu'a.

Abin da ya fi damuna shi ne salla. Azahar ta yi, ina son kai Inna alwala, ina tsoron mu juya baya a kira jirgi. Inna ba ta da sauri, tafiyar da wani zai yi a minti biyu ita sai ta yi goma. Na tambayi wani ma'aikacin kamfanin ko muna da lokaci, ya ce, "Yanzun nan zai iso." Muka zauna. Rabin awa ta wuce, na sake tambaya, ya sake cewa yanzun nan. A ƙarshe Inna ta dafa kafaɗata ta miƙe ta ce, "Tashi mu je. In ya tafi ya tafi." Muka yi alwala da ruwa mai sanyin ƙanƙara, muka haɗa azahar da la'asar, muka dawo muka tarar an zauna a kujerunmu. Dattijon nan ne ya tashi ya ba ta tasa.

Da yamma hazo ya yi sauƙi. Jirgin wani kamfani ya sauka a kan idonmu, ya kwashi mutanensa ya tashi. Namu shiru. Nan zaure ya hargitse, maza suka yi ca a kan ma'aikata. Sai a lokacin gaskiya ta fito: da aka ga Kano ba ta saukuwa da safe, an tura jirginmu ya yi wata jigila zuwa wani gari, sai ya gama zai zo. Sun san haka tun kafin azahar. Hazo na Allah ne, babu wanda ya yi fushi da shi. Amma da sun ce mana sai magariba, da na mayar da Inna gida ta ci tuwo ta miƙe ƙafa, da mai yara uku ta san yadda za ta yi da yaranta, da wanda ke da taro a Legas ya nemi wata hanya. Sun riƙe mu wuni guda da "yanzun nan" don kada mu nemi kuɗinmu. Haka na fahimta a ranar, kuma har yau ban sauya ba.

Bayan magariba aka kira mu. Matakalar jirgi ta ba Inna wuya, ina riƙe da ita ta baya, mutane suna matso mu. A ciki kuma sai ga kujerunmu a rabe, ita gaba ni can baya. Na roƙi wani saurayi, ya musanya da ni ba musu. Na ɗaura mata bel. Da jirgin ya fara gudu ta damƙe hannuna tana karanta addu'ar hawa abin hawa, ba ta saki ba sai da muka daidaita a sama. Sanyin ciki ya dame ta, na lulluɓa mata mayafina a ƙafa. Wajen sauka kunnenta ya toshe yana zugi, na tuna da goron da ke ƙulle a haɓar zaninta, na ce ta tauna tana haɗiye yawu, ya ɗan saki. Da ta hango fitilun Legas ta taga, sun bazu iya ganin ido, sai ta ce, "Duk a cikin nan 'yata take?"

Muna fitowa a filin Murtala Muhammed da ke Ikeja, zafi mai ɗanshi ya rufe mu, mu da muka baro hunturu da rigunan sanyi. Muka tsaya wurin karɓar kaya. Akwatina ya fito, bakko ɗaya ya fito gefensa a yage, man shanu ya ɓata zannuwan da Inna ta saya wa jariri. Ɗaya bakkon, mai garin kunu da yajin jego, bai fito ba har injin ya tsaya. Ma'aikacin kamfanin ya ba ni takarda na cike, ya ce wataƙila ya biyo jirgin gobe. Inna ta zauna a kan akwatina, ta ce, "Da me zan dama mata kunu da safe?"

Mijin Auta yana waje tun hantsi. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, ya karɓi kaya, amma na lura ba ya haɗa ido da ni. Daga Ikeja zuwa Agege ba nisa, sai na ga ya ɗauki wata hanya daban. Na ce, "Ba gida za mu ba?" Ya rage murya don kada Inna ta ji daga baya, ya ce, "Yaya, tun azahar nake son gaya miki, na ga kuna cikin wani hali. Idon yaron ya yi ɗorawa, sun ce shawara ce, an sa shi a ƙarƙashin fitila. Asibiti za mu."

Abin da muka tarar a asibitin, da yadda na gaya wa Inna, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.